Na Rubuta Ɗan Riƙo a Layin 'Ya'yan Ciki

Anti Zainaba, don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina fara ta ina yagewa. Abin da ke damuna ba aure ba ne, ba kuma miji ba, ko da yake na san su ne suka fi cika miki akwati. Tawa matsalar takarda ce, takardar bincike, kuma mako uku kacal ya rage mini in san abin da zan yi.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a nan Maiduguri, a Galtimari nake zaune. Sunayen da zan ambata duk na canza su, amma abin da ya faru ban taɓa shi ba.

A shekarar 2015, lokacin da garin nan ya cika maƙil da 'yan gudun hijira, kowane gida ka shiga baƙi sun fi masu gida yawa, wata malamar jami'a ta ɗauke ni aiki. Zan kira ta Dokta Dorothy. 'Yar kudancin Borno ce, ta yi karatu a waje a kan abinci da gado da ciwon suga, ta kuma dawo gida daidai lokacin da masu hali ke kwashe iyalinsu suna barin gari. Ciwon suga ne ya ci ƙafar mahaifiyarta kafin ya zama ajalinta, shi ya sa ta riƙe abin da zafi. Tambayarta ɗaya ce: wannan ciwo da ya yi kaka-gida a wasu gidajenmu, jini yake bi ko tukunya? Wato gadonsa ake yi, ko irin cimarmu ce take jawo shi?

Ita Kanurinta na gaisuwa ne kawai, don haka ni ce mai shiga gidaje. Gida sittin na shiga, yawancinsu a Bolori. In hau Keke Napep da jakata, mu bi shingen sojoji ɗaya bayan ɗaya, in yi sauri in gama kafin dokar hana fita ta ritsa da ni a unguwar da ba tawa ba. A kowane gida sai in tsikari yatsun manya in auna suga, in ɗora su a kan ma'auni, in tambayi abin da aka ci jiya da shekaranjiya. Anti, idan kina son ganin ƙarya mai tsabta, ki tambayi mutumin Maiduguri kofi nawa na shayi yake sha a rana. Kowa biyu zai ce miki, alhali ga butar can a kan gawayi tun asuba ba ta sauka ba. Wannan na san da shi, ina ƙara musu da kaina ina dariya. Inda na faɗi ba nan ba ne.

Akwai shafi na ƙarshe a fom ɗin, inda ake zana zuri'ar gida. Namiji akwati mai kusurwa huɗu, mace da'ira, mai ciwon suga a cike nasa da baƙin biro, sai a ja layi daga iyaye zuwa 'ya'ya. Da Turanci fom ɗin yake, kuma abin da ya nema shi ne 'ya'yan da mace ta haifa, daga na fari zuwa auta. To ki duba, ni yarinya 'yar shekara ashirin da huɗu, na durƙusa a gaban tsohuwa sa'ar kakata. Da wane baki zan tambaye ta ko wane ita ta haife shi? Abin da nake yi shi ne in tambaye ta su wa da wa ne yaranta, ta lissafo, in rubuta. Wallahi ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa ina ɓata aiki. A ganina ladabi nake yi, kuma tsofaffin suna ta sa mini albarka.

Aikin ya fito a wata babbar mujalla ta masana bayan shekara biyu. Abin da aka gano, a taƙaice, shi ne ciwon ya fi bin jini a gidajen da muka auna fiye da yadda aka zata. Zanen da ya fi kowanne jan hankali shi ne na gida na sha ɗaya, gidan wata tsohuwa da zan kira Ya Falmata. Ita tana da ciwon, marigayi mijinta ba shi da shi, sannan 'ya'yanta maza uku, Madu da Sa'id da Nasidi, mahauta a Kasuwar Shanu, duk akwatunansu baƙaƙe wuluk. Uku cikin uku. Dokta takan ce ko malamin aji ne ya ƙirƙiro misali, iyakar kyan da zai yi ke nan.

A nan ne na koyi wani abu da har yau yake ba ni mamaki. Ashe su masana darajarsu ba a yawan abin da suka rubuta take ba kawai, a yawan waɗanda suka jingina da shi take. Duk wanda ya yi nasa binciken a ko'ina a duniya ya ambaci na Dokta, sai a ƙirga mata ɗaya. Takan nuna mini a wayarta, fuskarta kamar ta yarinyar da aka saya wa kayan sallah. Yanzu sun haura ɗari biyu. Akwai na Indiya, akwai na Brazil, akwai wani da na kasa karanta sunan garinsu ma. Nakan zauna in yi ta tunanin wai wani mutum a can ƙarshen duniya ya san zanen gidan Ya Falmata, gidan da ko lamba babu a ƙofarsa, sai dai a ce maka bayan injin niƙa. Sunana ma yana ciki, can ƙasa a wurin godiya, kuma na nuna wa duk wanda ya yarda ya tsaya ya duba. Da wannan aikin aka fara gayyatar Dokta taruka a waje, da shi ta samo na'urorin awo da ake amfani da su kyauta a unguwanni, kuma a kansa ne mafi yawa take dogaro a neman zama farfesa da ta shigar bana.

Bayan an gama binciken ban daina zuwa gidan Ya Falmata ba. Jininmu ya haɗu. Duk wata nakan leƙa in auna ta, in duba mata ƙafafu, in yanke mata farce, don masu suga ba a barinsu su yanka da reza da kansu. Wata ranar Talata da hantsi, kafin azumin da ya wuce, ina zaune ƙafarta a cinyata, sai wani dattijo dogo siriri ya yi sallama ya tsuguna daga bakin ƙofa. Kanurinsa na ƙauye ne sosai. Ya yi ta jero gaisuwa, ita kuwa ta kau da kai wajen bango, tana amsawa ciki-ciki, ko kallon inda yake ba ta yi ba. Na san wannan kau da kan. Haka mahaifiyata take yi wa babban yayanmu. Mace ba ta yi wa kowa irin wannan kunyar sai ɗanta na fari.

Da ya tafi na yi ta kewaye-kewaye har na tambaya ko baƙon na gida ne. Ta yi dariya har da tari, ta kira ni yarinyar takarda, ta ce sai yau idona ya buɗe. Ba ta ambaci sunansa ba, don ba ta taɓa ambata ba tun da ta haife shi. A bakin jikarta na ji cewa Kyari ake ce masa. Tun daga yaye ƙanwar mijin Ya Falmata ta ɗauke shi ta tafi da shi wani ƙauye a arewacin jihar, can ya girma yana bin shanu, sai da rikicin nan ya kore su sannan ya shigo gari da iyalinsa. Ranar da na cika fom yana cikin Bolori, tafiyar minti goma tsakaninmu, amma ba ya cikin zanena.

Ban gama farfaɗowa daga wannan ba ta ƙara mini wani. Wai Nasidi ma ba ita ta haife shi ba. Ɗan maƙwabciyarta ne, baƙuwa daga ƙasar Hausa, wadda ta rasu kwana tara da haihuwa, uban kuma ya tafi neman danginsa bai sake dawowa ba. Lokacin Ya Falmata tana goyon Sa'id, sai ta ɗauki jaririn ta ba shi ɗaya nonon. Shi ke nan. Nasidi ya sani, Madu da Sa'id sun sani, tsofaffin layin duk sun sani, amma shekara hamsin da wani abu ba wanda ya taɓa furtawa, kuma 'ya'yansu da jikoki ba su da labari. Ga wani abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa ba sai ke. Ranar da nake cika fom, Sa'id da Nasidi shekaru iri ɗaya suka faɗa mini. Ni da wayona na ce kintace ne irin na mutanen da, mace ba ta haihuwa sau biyu a shekara, na rage wa Nasidi shekara biyu da hannuna. Amsar tana gabana, na goge ta.

Kafin in tashi Ya Falmata ta riƙe mini hannu ta ce in bar takarda yadda take. Wanda ya sha nononta ɗanta ne, kada in kuskura in cire shi daga layin 'yan'uwansa. Na ce to. Bayan Babbar Sallah Allah ya yi mata rasuwa.

Tun daga ranar na rasa sukuni, amma in gaya miki gaskiya, ba tsoro ne kaɗai ba. Son sani ma ya hana ni sakat. Na ƙirƙiro dalili na je na auna Baba Kyari, sau biyu a ranaku daban-daban, kafin ya karya. Sugansa lafiya ƙalau, mutumin da ya doshi saba'in, kuma shi ne jinin Ya Falmata na gaske. Nasidi kuwa da ba ɗigon jininta a jikinsa yana fama da ciwon daidai da sauran. To me ya haɗa shi da su? Shekara arba'in suna tabarma ɗaya a Kasuwar Shanu, buta ɗaya, kwano ɗaya, shinkafa da burabusko da mai har yana kwanciya. Me ya raba Kyari da su? Gero da nono da yawon daji. Ko kuwa shi Nasidi daga nasa iyayen ya gado, waɗanda ba wanda ya san tarihinsu? Ko nonon da ya sha yana da hannu? Ko Kyari sa'a kawai ya ci? Ban sani ba, ilimina bai kai nan ba, kuma mutum ɗaya da zan iya tambaya ita ce wadda nake ɓoye wa.

Na ciro tsohon littafina na aiki, wanda nake rubuta abubuwa da Hausa kafin in mayar a fom. Na bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da sabon ido. Inda mace ta fara lissafi daga ɗan da ya yi ƙanƙanta da zama na fari. Inda 'yan'uwa biyu suka zo kusan sa'o'in juna. Inda aka ce wance 'yar ɗakin wance ce, ni kuma na ja layi kai tsaye. A cikin sittin, gida goma sha tara nake zargi. Ban tabbatar ba, zargi ne. Amma ko rabinsu ne suka tabbata, ban san me zai rage na abin da mutum ɗari biyu suka jingina da shi ba.

Da na so in yi shiru abina har abada. Sai ga shi makon jiya Dokta ta kira ni tana murna. Wasu masana daga waje sun yarda su haɗa hannu da ita, za a koma gidaje goma mafi muhimmanci a ɗebi yawun mutane a kai a duba ƙwayoyin halittarsu, a gano ainihin abin da ake gada. Gida na sha ɗaya ne farko a jerin, kuma ni ce zan shiga da kwalaben ɗibar yawun, nan da mako uku. Na yi tambaya a fakaice, aka ce mini injin gwajin yana nuna wanda yake ɗan'uwan wani da wanda ba shi ba, ko ba a tambaye shi ba.

Kin ga inda na tsaya. Idan na faɗa wa Dokta, na karya alƙawarin da na yi wa tsohuwar da ke kabari, kuma na ɗauki gatari na sari aikin matar da ta fitar da ni daga zaman banza, ta tsaya mini na koma makaranta, take gabatar da ni a taro a matsayin idonta da kunnenta. Ashe idon ne bai gani ba. Idan na yi shiru, injin zai faɗa a gaban baƙi, kuma wa ya san irin fassarar da za a yi wa tsohuwar da ba ta nan balle ta kare kanta? Wani lokacin sai zuciya ta ce mini in kai yawun Madu sau biyu in rubuta Nasidi a ɗaya kwalbar, sai in yi a'uziyya. Ina jin kunya, ina jin tsoro, kuma ina ƙaunar Dokta. Anti, me zan yi?

Taki,
Mai awon suga, Galtimari

*

'Yata mai awon suga,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko da tausayi, na biyu da mamaki. Kafin komai, na ƙara sauya wasu abubuwa a cikinta bayan waɗanda kika sauya, don maza uku 'yan gida ɗaya, sana'a ɗaya, kuma masu suga ba su da wuyar ganewa a gari irin naku.

Batun yawun Madu sau biyu, ki binne shi yau. Abin da kika yi a 2015 kuskure ne, wannan kuwa ha'inci zai zama, kuma injin da ke gane ɗan riƙo ba zai kasa gane mutum ɗaya a kwalba biyu ba. Na san ba za ki yi ba, tunda har kika iya rubuta shi.

Ki faɗa wa Dokta, kuma a cikin makon nan. Ba ta waya ba, ba a ofis mutane na shiga da fita ba. Ki nemi ta ba ki awa ɗaya ku biyu, ki tafi da littafinki, ki fara da gida na sha ɗaya, har da shekara biyun da kika rage, sannan ki buɗe mata sauran goma sha takwas ɗin. Kada ki rage komai don ki sassauta mata, domin duk abin da kika ɓoye yau shi za ta gano gobe ta daina yarda da sauran. Kada kuma ki shiga kina kuka kina cewa ke kaɗai ce mai laifi. Ke kika cika fom, gaskiya ne. Amma an ɗauko fom ɗin da aka tsara wa mutanen da ke ƙirga 'ya'yansu ba kunya, aka miƙa wa yarinya aka ce ta kai wa kakanninta. Ita ma Dokta 'yar ƙasar nan ce, ta san riƙo, ta san kunyar ɗan fari, ba ta tuna ba kamar yadda ba ki tuna ba. Ba sai kin faɗa mata haka ba, da kanta za ta gani.

Ba zan ruɗe ki ba, abin zai yi mata ciwo. Tana iya yin fushi, tana iya daina ɗaukar wayarki na wani lokaci. Mai yiwuwa sai ta rubuta wa mujallar ta gyara, mai yiwuwa maganar farfesa ta ja baya, ke ma kina iya rasa wurinki. Amma ki auna da ɗaya hanyar. Nan da 'yan watanni baƙin nan za su aiko mata da sakamako, su tambaye ta yadda aka yi zanen da ta yi shekaru tana nunawa a taruka bai yi daidai ba, ita kuma ba ta da amsa, ke da kika sani kina zaune a gefenta. Masanin da ya gano kuskurensa ya fito ya faɗa, abokan aikinsa sukan ƙara ganin girmansa. Wannan damar tana hannunki, kuma mako uku ne tsawon ranta.

Yanzu alƙawarin Ya Falmata, Allah ya jiƙanta. Ban ɗauke shi da wasa ba, amma ki tsaya ki duba abin da ta roƙa. Tsohuwar nan ba ta san mujalla ba, ba ruwanta da mutumin Brazil. Tsoronta kada wata takarda ta zo ta gaya wa Nasidi da 'ya'yansa cewa su bare ne a gidan. Shirunki ba zai kare wannan ba, shi ne ma zai kai kwalba har bakinsa bai san me za ta tona ba. Don haka abu na farko da za ki roƙi Dokta shi ne a dakatar da ɗibar yawu, ba a gidan kaɗai ba, a duka goman, har sai an yi wa kowa bayani da harshensa cewa gwajin nan yana iya nuna wanda aka haifa da wanda aka riƙa. Sannan a samu Nasidi shi kaɗai, da girmamawa, ba a kasuwa ba. Sirrin nasa ne kafin ya zama na kowa. Idan ya ce a'a, an gama, a cire gidan daga sabon aikin ba tare da an gaya wa kowa dalili ba. Idan ya yarda, a rubuta yarjejeniya cewa sakamakon ba zai koma gidan ba.

Sauran gidajen kuma, kada ki koma ki durƙusa gaban uwa ki tambaye ta wa ta haifa. Ladabinki ba shi ne laifin ba, ƙofar da kika bi ce ba daidai ba. Uwa ba za ta faɗa ba, amma goggo za ta faɗa, tsohuwar ungozomar unguwa za ta faɗa. Mu ma ai muna da hanyoyin tambayar da ba sa ɓata wa kowa rai: a ɗakin wa aka yi jegon wane, wa ya yanka masa ragon suna, a hannun wa ya tashi. Ki ba Dokta shawara a yi layi biyu a sabon fom, ɗaya na haihuwa, ɗaya na waɗanda suka tashi a kwano ɗaya. Ba a cire kowa ba ke nan, kowa ya samu inda ya dace da shi.

Tambayoyinki na jini da tukunya sun sa ni ma na kasa zama, har na kira wata likita ƙawata, ban ambaci gari ko suna ba. Ta ce in ja miki kunne, gida ɗaya ba ya yanke hukunci. Gado gaskiya ne, cima da zaman wuri ɗaya su ma gaskiya ne, kuma yawanci haɗuwa suke yi a kan mutum. Lafiyar Baba Kyari ba ta nuna 'ya'yansa sun tsira ba, musamman yanzu da suka bar gero suka koma cimar birni, don haka ki auna su. Amma ta ƙara da wani abu. Ta ce masu irin wannan bincike wahala suke sha kafin su samu 'yan'uwan jini da suka tashi a rabe, da waɗanda ba jini ba da suka tashi tare, domin da su ake rarrabe aikin gado da aikin abinci. Ke kuma kina da gida goma sha tara a littafi ɗaya. Ban ce wannan zai share wa Dokta hawaye a ranar farko ba, kada ma ki fara da shi, sai ta ga kamar kina sayar mata da kuskurenki ne. Ki bari ta huce. Matar da ta dawo garin da ake gudu don tambaya ɗaya, ina kyautata zaton amsar gaskiya ta fi mata zane mai kyau.

Bari in rufe da abin da wasiƙarki ta yi mini. Ni ma 'yar riƙo ce. Ina shekara biyu yayar mahaifina ta ɗauke ni, ita na buɗe ido na gani, ita nake kira Inna, ita na yi wa kukan maraici. Shekara talatin ke nan duk likitan da ya tambaye ni ko akwai suga ko hawan jini a gidanmu, tarihin Inna da mijinta nake ba shi, in ce babu. Sai da na ajiye takardarki na tuna cewa matar da ta haife ni, wadda nake kira da sunan da kowa ke kiranta, ta makance kafin ta rasu, kuma ban taɓa tambayar me ya makantar da ita ba. Ranar Litinin zan je a auna ni, in kuma sa a gyara katina. Za a rubuta sunan wata mata daban a wurin uwa, kuma wannan ba zai rage wa Inna komai ba. Idan kin zauna da Nasidi, kina iya gaya masa wata tsohuwa 'yar riƙo ce ta ce haka.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya sanyaya zuciyar Dokta, ya rufa wa gidan Ya Falmata asiri. Ki tashi ki je.

Anti Zainaba